Kyanwa a Killace Ta Fi Kyanwa a Sake

A ranar 1 ga Yuli, 2022, wata doka ta fara aiki a Kanbera, babban birnin ƙasar Ostireliya. Dokar ta wajabta wa duk wanda ya mallaki kyanwar da aka haifa daga wannan rana ya killace ta a harabar gidansa dare da rana. Mai karatu zai iya ganin wannan a matsayin zalunci ga dabbar da ta saba da yawo, to amma idan aka auna da ma'aunin kimiyya, mahukuntan birnin suna da gaskiya.

Dalili na farko shi ne kyanwa mafarauciya ce tun asali, kuma ƙoshi ba ya kashe mata sha'awar farauta. Wani bincike da masanan Ostireliya suka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa kyanwoyin gida na kashe dabbobi kimanin miliyan 390 kowace shekara a ƙasar, waɗanda suka haɗa da tsuntsaye da ƙadangaru da ƙananan dabbobi masu shayarwa. Kyanwa ɗaya mai fita farauta takan kashe kamar 186 a shekara, amma abin da take kawowa gida bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Ke nan mai ita ba ya ganin galibin ɓarnar. Ga kuma tarihi: kyanwoyin da suka koma daji suna da hannu a ɓacewar nau'o'in dabbobi masu shayarwa fiye da 20 a ƙasar, irin waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai can.

Dalili na biyu lafiyar kyanwar ce kanta. Wadda ke yawo tana cikin haɗarin mota da karnuka da gubar ɓera. Wajen faɗa da 'yan'uwanta, cizo na iya sa mata ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwoyi. Haka nan cin ɓeraye da tsuntsaye na sa ta kamu da wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma gondii, wadda ke fita ta kashinta, kuma tana iya illata ɗan tayi idan mai juna biyu ta kamu da ita. Rigakafi kuwa, in ji Hausawa, ya fi magani.

Killacewa ba tana nufin a kulle dabba a ɗaki mai duhu ba. Abin da ake so shi ne a keɓe wani sashe na tsakar gida a kewaye shi da ragar waya, a kuma rufe samansa, domin katanga ba ta hana kyanwa fita. A samar da inuwa da ruwan sha, da katakai a matakai daban-daban don hawa, da gungumen itace don wasa farce, da kaskon yashi don bahaya. A riƙa kwashe yashin kullum, saboda ƙwayar cutar da aka ambata tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya harbin mutum. A irin wannan wuri kyanwa na shan hantsi da iska, tana kallon tsuntsu ba tare da ta kai gare shi ba.

Wani zai ce ai a gidajen Hausawa don ɓera ake ajiye mage, in an killace ta wa zai tsare hatsi? Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ɓeran da ke cin hatsi a ɗakin ajiya yake, ba a bishiyar maƙwabta ba. Idan aka haɗa killataccen wurin da ɗakin ajiya ta wata 'yar kafa, mage za ta yi aikinta inda ake buƙatarsa.

Ɗaliban sakandare na iya gwada batun da kansu. Malamin ilimin halittu ya sa waɗanda ke da mage a gida su rubuta duk abin da ta kamo har tsawon zangon karatu guda, sannan a tattara a ƙirga ɓeraye nawa ne, tsuntsaye da ƙadangaru nawa ne. Kafin a yanke hukunci, a tuna cewa abin da ta kawo gida kaɗan ne daga abin da ta kashe.