Murmushin Rumsfeld

A shekarar 2013 Errol Morris ya fitar da The Unknown Known, fim na hira da Donald Rumsfeld, ministan tsaron Amurka daga 2001 zuwa 2006, wanda a hannunsa aka kai yaƙi Iraƙi. Masu sharhi da dama sun yi ca a kan mai fim ɗin. Wai ya zauna da mutumin sama da awa 30, amma bai ƙure shi ba, ya bar shi yana murmushi, yana jujjuya kalmomi, har ya tashi ba tare da ya ce ya yi nadama ba.

Abin da suke kwaɗayi sananne ne. Shekara goma kafin nan Morris ya yi The Fog of War da Robert McNamara, ministan tsaro na zamanin yaƙin Biyetnam. Tsohon ya amsa da bakinsa cewa ƙona biranen Japan da aka yi a 1945, da shi a ciki, aikin masu laifin yaƙi ne. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, sai aka ɗauka kowane tsohon minista haka zai sunkuyar da kai.

To, Rumsfeld bai sunkuyar ba, kuma wannan ne fim ɗin ya kama. Da ya musanta cewa gwamnatinsu ta sa jama'a zaton Saddam na da hannu a harin 11 ga Satumba, sai Morris ya sako tsohon hotonsa yana danganta Iraƙi da Alƙa'ida. Ko gezau bai yi ba. Wanda ya kalli wannan ya ce ba a tona komai ba, hukunci yake nema, mai fim kuwa ba alƙali ba ne.

Ɗan Nijar yana da dalilin sa ido, domin da sunan ƙasarsa aka ƙulla ɗaya daga cikin hujjojin yaƙin: wai Saddam ya nemi yuraniyom a Yamai. A watan Maris na 2003 hukumar nukiliya ta duniya ta ce takardun na jabu ne. Ɗaya ma tana ɗauke da sunan ministan harkokin waje da ya bar kujera tun 1989. Mako biyu bayan nan aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Rumsfeld ya mutu a 2021 bai taɓa tsayawa gaban kotu kan yaƙin ba.