Tallar Da Ke Cinye Jarin Ɗan Kasuwa

A yau wayar ɗan kasuwa ita ce asusunsa, shi ya sa 'yan damfarar intanet, waɗanda mutanen Abijan ke kira "brouteurs", suka koma ɗana tarko cikin talla. Sai ka gani a Facebook wai ka ci kyautar Orange Money, ko ga waya a rabin kuɗin Black Market ta Adjamé. Kana latsawa, shafin bogi ya nemi lambarka ta sirri. Jama'a, ba kamfanin da ke tambayar wannan lamba. Rufe shafin kawai.

Abin takaici, kunya na hana 'yan'uwanmu na Adjamé da Treichville kai ƙara. Alhali tun 2011 akwai ofishin PLCC mai yaƙi da wannan ta'asa. A je da hoton tallar da lambar da ta karɓi kuɗin.