Mun sayar da gidan Baba, kuma har yau ban yafe gaggawar ba

1/ Zare ne mai tsawo, marar haƙuri ya wuce. Jiya na ɗora hoton karenmu Duna a kan dutsen Kufena, wani ya zo ƙasa yana cewa "ɗan Musulmi da kare, Allah ya shirya." Amin, ya shirye mu baki ɗaya. Amma tunda ka taɓo, zauna ka ji yadda karen nan ya rasa gida rana ɗaya da mahaifiyata.

2/ Baba ya rasu ƙarshen 2022. Gidanmu a Zariya yake, ta wajen Wusasa, inda kana tsakar gida kana hango Kufena. Ɗaki takwas, rijiya, mangwaro biyu, darbejiya a ƙofar gida. Ya bar mata biyu, Umma da Mama, da mu 'ya'ya tara: maza biyar, mata huɗu. Ni ne na bakwai, wato wanda ba a tambayar ra'ayinsa.

3/ Ranar sadakar uku dillali na farko ya zo gaisuwa. Bakinsa na cewa "ya haƙuri", idonsa na kan katanga yana auna ƙafa nawa ce. Kafin arba'in sun zama huɗu. Umma da Mama suna ciki suna takaba, wata huɗu da kwana goma, a zaure kuma ana ta cinikin ɗakin da suke zaune.

4/ Babban yayanmu abu ɗaya yake maimaitawa: "A raba kowa ya huta, jinkirin rabon gado fitina ne." Kuma ban ce ƙarya ya yi ba. Mun san gidajen da aka bari shekara ashirin ba a raba ba har jikoki suka kai juna kotu. Yayata ɗaya ma tana da bashin asibiti a wuyanta, haƙƙinta take nema, ba wanda zai zarge ta.

5/ Inda na rabu da shi: wa ya ce raba gado yana nufin sayar da gida? Ana iya kiran masu kima su yi wa gida kuɗi, a rubuta kason kowa a gaban shaidu. Mai buƙatar kuɗi yanzu, 'yan'uwa su saye kasonsa, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. A fiƙihun Malikiyya da muke bi akwai ma shuf'a: abokin tarayya a gida ya fi bare cancantar sayen kason da za a sayar. Da na faɗi haka a taron gida, Baffa ya ce, "Kai yaro, bokon ne ya fara taɓa ka?"

6/ Sati biyu da fita takaba aka sayar. Bayan la'adar dillalai, miliyan 40 ta rage. Ku yi lissafin da ni. Mata suna da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, kuma su biyun za su raba: miliyan biyar, kowacce biyu da rabi. Sauran 35 aka kasa 14, namiji kaso biyu, mace ɗaya. Namiji miliyan biyar, mace biyu da rabi.

7/ Kar wani ya juya min magana. Rabon Allah ne, ban da ja a kansa. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauki matar da ta yi shekara talatin a gida, ta san kowane tsagu na bangonsa, a miƙa mata miliyan biyu da rabi a ce ta nemi wuri. Kason daidai ne. Shawarar mayar da rufin kanta takardun kuɗi tamu ce, mu 'ya'yanta, kuma ba wanda ya tilasta mana.

8/ Sai ga abin da ba wanda ya lissafa. An sayar a watan Mayun 2023. Ƙarshen watan aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da bai kai dubu biyar ba ya haura dubu goma. Gidan da muka bari yana nan yana ƙara daraja a hannun wani, kuɗinmu kuma yana narkewa a banki kamar ƙanƙarar azumi.

9/ Yayanmu da ya ce zai gina nasa, ginin yana linta har yau, ciyawa ta cinye shi. Ɗaya ya sayi mota, ya sayar. Nawa kason yana tafiya a kuɗin makaranta da hayar Umma, ɗaki biyu a gidan da ake layin banɗaki. Ba na faɗa don in tona asirin kowa, ni ma na sa hannu a takardar. Tsoro na ji a ce na raba kan gida.

10/ Yanzu Duna. Baba ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo bayan ɓarayi sun haura mana sau biyu. Karen gida ne baƙi, irin wanda kuke jifa a lungu. Bai taɓa shiga ɗaki ba, wurinsa bayan rijiya, kwanonsa daban. Ragowar tuwo da ƙashi, allurar haukan kare duk shekara, shi ke nan. Shekara takwas ba a sake haura mana katanga ba.

11/ Ranar kwashe kaya an raba komai, har tabarmi da bokitin rijiya. Da aka zo kan Duna kowa ya kau da kai. Mai gidan hayar Umma ya ce ko a mafarki. Wani yayana ya ce a sa shi a mota a kai shi hanyar Funtuwa a sake shi, "ai kare ne, zai nemi abinci." Karen da aka saki haka shi ne gobe yake yawo a bola ba allura, ya ciji ɗan wani, ku fito da sanduna.

12/ Masu "haram" a ƙasan hoto, ku koma wajen malamanku ku tambaya. Hadisi ya yi rangwame kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa sun haɗa na gadi a ciki. A mazhabar Malik kare mai rai ba najasa ba ne. Kuma duk mun ji labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya yi gadinka shekara takwas, ka zubar da shi a titi, wannan a wane babi yake?

13/ Abin haushin, wasunku da ke zagina su ne ke danna so a hoton 'yan Abuja da karnukansu na Turai masu gashi. Wancan gayu ne, nawa ƙazanta. Toh.

14/ Wani dattijo manomi a gindin Kufena ya karɓe shi, yana masa gadin gona da awaki. Ni nake kai dusa da kuɗin allura. Duk Asabar da ba ni da lacca ina zuwa da sassafe, mu hau tare. Ya tsufa, yana tsayawa yana haki a tsakiya, ina jiransa. Da da Baba muke hawa, shi a gaba da sandarsa yana ba mu labarin mutanen da suka zauna a nan kafin a kafa birnin Zariya.

15/ Daga sama ana ganin unguwarmu. An rushe gidan, an sare mangwaron da darbejiyar, an jera shaguna da rufin kwano mai shuɗi. Umma ta taɓa tambayata ko rijiyar tana nan. Na ce mata ba a hangowa daga can. Ana hangowa, an cike ta.

16/ Hayarta za ta ƙare watan gobe, mai gida ya aiko cewa ya ƙara kuɗi. Na tura saƙo a zauren gidanmu na WhatsApp tun ranar Talata cewa mu tara. Mutum takwas sun gani, biyu ne suka amsa.