Kankana Da Laimar Kwaɗi A Illela: Gyara Daga Iri Yake Farawa

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka al'amarin gona yake, domin ribar manomi ko asararsa tana cikin irin da ya zuba a rami. Wannan batu ya shafi manoman rani na Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, musamman masu noman kankana a fadamu irin na Kalmalo.

Kankana amfani ne mai saurin biyan mai shi. Ire-ire irin su Sugar Baby da Kaolack sukan nuna cikin kwana 75 zuwa 90. Ga kuma kasuwa a bakin ƙofa, tun da Illela tana kan iyaka, daf da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Amma saurin nan shi ne haɗarin, gama manomi ba zai gane irinsa ba shi da kyau ba sai ya riga ya kashe kuɗin taki da man injin ban ruwa. Wanda ya tara 'ya'yan kankanar aure, watau wadda masana suka haɗa daga iri biyu, ya sake shukawa, ba zai sami irin uwar ba. Haka nan in gonar tana kusa da guna, ƙudan zuma na iya gauraya su, zuriyar da za ta biyo baya ta fito ba zaƙi.

Dogara ga abin da ke ƙetaro iyaka kuwa ba dabara ba ce. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Lokacin shuka kuwa ba ya jiran a buɗe ƙofa.

Batun laimar kwaɗi mai ciwuwa, wadda ake kwaɗaita wa matasa nomanta, ya fi wannan wuya. Ba ta da ƙwaya kamar kankana. Irinta wani farin zare ne da ake renonsa a ɗakin bincike a kan dafaffiyar dawa, sa'an nan a cuɗa shi da dafaffiyar harawar shinkafa ko dusar katako cikin leda. Bayan mako uku zuwa huɗu sai a fara tsinka. Ba ta bukatar fili, abincinta kuma abin da ake ƙonawa ne a gonaki. Sai dai tana son laima mai yawa da zafin da bai wuce awo 30 ba, alhali a Illela zafin Afrilu yakan haura 40, hunturu kuma busasshe ne. Irin nata ma zafi yana kashe shi a doguwar tafiya. Saboda haka tara ɗalibai a koya musu wannan sana'a ba tare da wurin samun iri a kusa ba, ɗora su ne a kan hanyar asara.

Lalle ne hukuma ta tashi tsaye. Dokar Majalisar Kula Da Irin Shuka ta Ƙasa ta 2019 ta ba da ikon hukunta masu sayar da jabun iri, ya kamata a ga aikinta a kasuwar Illela. Ma'aikatar Gona ta Jiha ta tanadi ingantaccen irin kankana kafin a shiga rani, malaman gona kuma su koya wa manoma karanta shaidar da ke jikin gwangwani da ranar lalacewarsa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta haɗa gwiwa da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ibadan, wadda aka kafa a 1975, su fara gwada nau'in laimar kwaɗi mai jure zafi, su reni irinta a Sakkwato, kafin a yi shelar kowa ya shiga.

Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen iri ya tuna cewa guzurin iyali na shekara guda yana ƙarƙashin alƙalaminsa. Abin da aka shuka, shi ake girba.