HOTON ƊAUKI-DA-KANKA: WANE NE A CIKIN HOTON?



Ya 'yan'uwana matasa, a Sallar da ta gabata wani ɗalibina ɗan Ajingi ya nuna mini hoton da ya ɗauki kansa a garin Gaya: babbar riga ta aro, tabarau na aro, ya jingina da motar da bai san mai ita ba. Na ce masa, "Ina hotonka na gona tare da mahaifinka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce wannan ba na nunawa ba ne. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ta tuna mini da Samuel Fosso, mai hoto ɗan asalin ƙabilar Ibo da aka haifa a Kamaru a 1962. Yaƙin basasar Najeriya ya raba shi da gida, ya buɗe shagon hoto a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. Da dare yakan ɗauki kansa da ragowar fim, ya aika wa kakarsa don hankalinta ya kwanta. A 2008 ya fitar da jerin hotuna inda ya yi shigar Malcolm X, Patrice Lumumba, Nelson Mandela da Muhammad Ali, yana tunatar da baƙar fata tarihinsu. Yau ana rataye hotunansa a manyan gidajen baje kolin zane na duniya.

Abin lura shi ne, Fosso bai ɓoye wa kowa cewa shigar aro ya yi ba. Mu kuwa aro muke yi, mu ce namu ne.

Malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara. Shaikh Ibn Baz ya hana sai da lalura, Shaikh Ƙardawi ya halatta muddin abin da ke cikinsa bai saɓa wa shari'a ba. Amma babu saɓani kan haramcin ƙarya da riya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) hadisin da Manzon Allah (SAW) ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya. Ashe kyamara ma tana ɗinka irin wannan tufa.

Ɗan Gaya ba shi da abin kunya a asalinsa. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙarsa, kuma daga nan Abagayawa suka tafi Dala neman tama. Jikan maƙeri da manomi, me zai yi da motar wani? Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, kafin ka latsa, tambayi zuciyarka: wannan ni ne? Don wa nake yi? Idan mahaifiyarka ba za ta gane ɗanta a hoton ba, goge shi.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Wallahu a'alam.