Ra'ayinmu: Jarumin Da Ya Fi Ƙarfin Doka

Fiye da shekara hamsin ke nan da masu shirya finafinai suka gane cewa ɗan sanda mai zafin hannu haja ce da ba ta kwantai. Labarin kusan ɗaya ne kullum: mugu ya addabi gari, kotu ta gaza, sai wani ɗan sanda ya jingine doka, ya zare bindiga ya yanke hukunci da kansa, 'yan kallo kuwa su ɓarke da tafi. Mu dai a ganinmu wannan tafi abin dubawa ne.

A 1971 aka fito da Dirty Harry a Amurka, inda Clint Eastwood ya fito a matsayin sufeton 'yan sanda a birnin San Francisco. A cikin labarin ya azabtar da wanda ake zargi da kisa, ya kuma kutsa makwancinsa ba da takardar izni ba, saboda haka lauyan gwamnati ya ce hujjar ba za ta karɓu a kotu ba, aka saki mutumin. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, har aka biyo shi da wasu guda 4. To, amma Pauline Kael, mai sharhi a mujallar New Yorker, ta ce aƙidar kama-karya ce aka yi wa ado, domin an tsara labarin ne yadda mai kallo zai ɗauki haƙƙin wanda ake tuhuma tamkar garkuwar miyagu. A wannan shekara kuma The French Connection ya fito, ya lashe lambobin Oscar 5, alhali jaruminsa ya harbe mai gudu ta baya.

Haka abin yake a Indiya, wadda finafinanta suka daɗe da zama 'yan gida a ƙasar Hausa. Tun daga Zanjeer na 1973, wanda ya ɗaukaka Amitabh Bachchan, har zuwa Singam na 2010, ɗan sanda mai duka kafin tambaya shi ne gwarzo. A watan Yuni na 2020 wani uba da ɗansa suka mutu bayan 'yan sanda sun tsare su a Jihar Tamil Nadu. Nan take Hari, wanda ya shirya Singam, ya fito fili ya ce ya yi nadamar finafinai 5 da ya yi yana kambama 'yan sanda.

Ba muna cewa a hana irin waɗannan finafinai ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: jinkirin shari'a shi ke sa talaka ya yi marmarin mai hukunta mugu nan take. Sai dai a tuna, a silima mai kallo ya riga ya ga mugun yana aikata laifin. A caji ofis kuwa ba wanda ya gani, kuma wanda aka kamo yana iya zama ɗanka.

Akwai abin koyi. Serpico na 1973 ya ba da labarin Frank Serpico, ɗan sandan New York wanda ya ƙi cin hanci, aka harbe shi a fuska a bakin aiki, ya tsira, ya kuma ba da shaida gaban hukumar bincike ta Knapp a 1971. Masu sharhi sun yaba, jama'a sun kalla.

Saboda haka muna kira ga masu sharhi a jaridu da gidajen rediyo da kada su tsaya ga yabon faɗa da tseren mota, su riƙa tambayar darasin da fim ya bari. Masu fassara finafinan Indiya da masu shirya na Hausa su ma su auna irin gwarzon da suke miƙa wa matasa, domin daga cikinsu ne za a ɗauki kuratan 'yan sandan gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.