Turke da Tsawon Igiya: Wa Ke da Ikon Cewa "Ka Fita Daga Magana"?

Tun da na dawo daga hutun ƙarshen zango nake ta juya wata magana a zuciyata, har na ga ya fi kyau in zube ta a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan mujalla tamu, ko a sami mai taya ni, ko kuwa mai gyara mini. Maganar ita ce gardamar nan da kan tashi a duk inda mutane suka taru don tattauna wani abu, idan ɗaya daga cikinsu ya ɗauko zance aka ce masa ya fita daga magana. Ni dai a wani zaure a Kazaure na ga wannan gardama ta yi tsanani, tsakanin samari masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, watau jerin umarnin da ake tsara wa na'ura don ta yi wani aiki.

Ga wanda bai san garin ba, Kazaure ta daɗe da sabawa da wannan fanni. Tun a 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta ta Jihar Jigawa a garin, wadda jama'a suka fi sani da Informatics, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da samari sun haɗa kansu a zaure suna koya wa juna. Ƙanena yana cikin irin wannan zama. Sukan taru ranar Asabar bayan la'asar su tashi da kiran magariba, wasu 'yan cikin gari, wasu kuwa sukan hawo babur daga Roni da Gwiwa, har da wani ɗan Babura da ke zaune wurin kawunsa. Shugaban zaman ya girme su, ya kuma fi su sani nesa ba kusa ba, kuma ko kwabo ba ya karɓa. Doka ɗaya ya kafa musu: ba a yin wata magana sai ta darasin ranar.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kan wannan doka, don kada a ɗauka na zo ne in rushe ta. Tana da amfani ƙwarai. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar unguwa ko na 'yan asalin gari ya san yadda muke kashe lokaci. A kira taro don gyaran rijiyar burtsatse, a ɓata rabin sa'a wajen gaishe-gaishe da gabatar da manyan baƙi, wani ya miƙe ya ba da tarihin yadda aka haƙa rijiyar, wani ya tuno da wanda ya ci kuɗin gyaran bara, a tashi baram-baram rijiya na nan yadda take. Su ma samarin nan, kamar yadda ƙanena ya gaya mini, kafin a kafa dokar sai a ci rabin zaman ana musun ƙwallon Ingila. Wanda ya ƙona man babur daga Gwiwa don ya koyi abu bai zo jin wannan ba. A ranar farko da na zauna da su wani ya soma zancen siyasa, shugaban ya ce, "Malam, a bari sai an tashi." Na ji daɗin haka, ban kuma ga laifinsa ba.

To, amma a zama na biyu aka yi abin da ya sa ni wannan rubutu. Darasin ranar shi ne yadda ake sa kwamfuta ta jera sunaye bisa tsarin abacada, da harshen manhaja da ake kira Python. Littafin da suke bi ya ba da misali da sunayen Turawa, kowa ya gwada, ya ga sun jeru daidai. Sai wani yaro ɗan Roni, wanda da ƙyar ake jin muryarsa, ya ce shi ya gwada da sunayen garuruwan wajensu, amma abin ya ƙi. Ya sa Amaryawa da Ɗansure da Gora da Tunas da Zugai, sai kwamfuta ta jefa Ɗansure can ƙarshe, bayan Zugai. Da ya ƙara 'Yankwashi kuwa, sai ta ɗauke ta ta kai gaban Amaryawa. Ya ce, "Yaya, ko na yi kuskure ne?"

Shugaban ya leƙa, ya ce ya cire lanƙwasar ya rubuta D kawai, ya kuma share waƙafin saman da ke gaban Y. Yaron ya ce ai in ya cire, sunan ya canja. Ɗan Babura ya sa baki ya ce su a wajensu, da yake suna bakin iyaka, sun saba ganin takardun Nijar inda ake rubuta wannan sauti da harafi guda mai lanƙwasa, watau ƴ, to wanne za a koya wa kwamfuta? Nan fa shugaban ya ɗaga hannu ya ce an fita daga magana, nan ba ajin Hausa ba ne, mai son ƙa'idojin rubutu ga yayan wane nan, ya nuna ni, a same shi bayan an tashi. Aka yi dariya. Wasu suka goyi bayansa, wasu suka ce tambayar tana kan hanya, aka yi ta ja-in-ja har magariba ta kawo jiki, darasin da ake kāre wa ɗin ma ba a ƙarasa shi ba.

Na koma gida na sa ƙanena ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da ya faru a cikin na'urar, kuma abin da na fahimta shi ne ya tabbatar mini cewa yaron nan bai fita daga magana ba ko da taki ɗaya. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin farko da ya yaɗu, wanda aka fitar a Amurka a 1963 ake kiransa ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, an kuwa yi shi ne don Ingilishi. A cikinsa babban A shi ne 65, D 68, Z kuwa 90. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su sami gurbi a nan ba sai a babban tsarin Yunikod da ya fara fitowa a 1991, inda aka ba Ɓ lamba 385, Ɗ 394, Ƙ kuma 408. Idan aka ce wa Python ta jera, ba a ƙara mata wani bayani ba, lambobin nan take bi, don haka dole Ɗansure ta faɗa bayan Zugai. Waƙafin sama kuwa lambarsa 39, ƙasa da ta A, shi ya sa 'Yankwashi ta tsallake kowa. Maganin abin shi ne mai rubuta manhaja ya ba na'urar jerin abacadan Hausa ya ce ta bi shi, ko ya kira tsarin jerantawa na Hausa da aka riga aka tanada. Wannan kuwa ba darasin Hausa ba ne. Shi ne ainihin darasin ranar, sai dai littafin bai kawo shi ba domin marubucinsa bai taɓa buƙatarsa ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Mu ɗaliban adabi muna da kalma da za ta taimaka. Manazarta rubutacciyar waƙa, bin sawun Abdulƙadir Ɗangambo, suna cewa jigo. A nazarin waƙar baka kuwa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi amfani da turke. Ina ganin wanda ya zaɓi wannan kalma ya san kiwo. Ba a kafa turke don dabba ta tsaya cik a gindinsa. Ana kafa shi ne a ɗaura igiya, ta zaga ta ci abin da ke kewaye, ba tare da ta shiga gonar mutane ba. Makaɗin fada yakan bar ubangidansa ya yi zambo ga wani, ya yi habaici, ya gode wa wanda ya ba shi riga, sa'an nan 'yan amshi su dawo da shi. Haka malamin zaure mai karantar da Iziyya ko Risala yakan tsaya a kan kalma guda ya kawo fa'ida daga nahawu ko tarihi, kana ya ce a koma kan karatu, kuma sau da yawa fa'idar nan ita almajiri ke riƙewa har tsufansa. Ratse iri biyu ne ke nan: akwai wanda igiyarsa ke ɗaure, akwai wanda ya tsinke. Musun ƙwallo tsinkakke ne. Tambayar ɗan Roni kuwa ko zagawa ba ta yi ba, a gindin turken take.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, duk lokacin da aka ce wa mutum ya fita daga magana, an yanke hukunci biyu ne a lokaci guda. An ce zancensa yana waje, an kuma ce ga inda iyakar take. Na farkon kowa yana jin sa, na biyun kuwa a ɓoye yake wucewa, ba mai tambayar wanda ya shata iyakar. A zauren nan littafi ne ya shata ta, littafin da aka rubuta don masu haruffa 26. Shugaban bai yi da mugun nufi ba, na tabbata. Ya tsare iyakar da ya gada ne, bai tsaya ya duba ko ta dace da filin da yake tsaye a kai ba. Ina kuma zargin, Allah ya yafe mini in na zalunce shi, cewa bai san amsar ba a lokacin, dokar ta zame masa mafaka. Wannan hali ba nasa ba ne shi kaɗai. Sau nawa muka ga shugaban taro ya ce abu ba ya cikin ajanda, alhali shi ya rubuta ajandar shi kaɗai a ɗakinsa?

Wani zai ce, to, in aka buɗe wannan ƙofa ina za a tsaya? Kowa zai iya ƙulla zancensa da darasi in ya so. Ɗan Gwiwa zai ce rashin wutar da zai yi cajin kwamfutarsa ma maganar manhaja ce, tun da ba a rubutu da na'urar da ta mutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Amsata ita ce akwai ma'auni mai sauƙi: shin amsar tambayar za ta canja yadda za a yi aikin da aka taru dominsa? Amsar ɗan Roni tana canja layukan da za a rubuta a manhajar ranar. Maganar wuta ba ta canja su, ko da yake damuwa ce ta gaske, don haka wurinta daban, a ware mata rana ko a ba ta minti goma na ƙarshe. Kuma kafin shugaba ya yanke, ya kamata ya yi wa mai magana tambaya ɗaya tak: ina zancenka ya haɗu da abin da muke kai? In ya nuna, a ci gaba. In ya kasa, shi da kansa zai ji kunya ya janye. Wannan ba ya cin minti guda. Gardamar da suka yi ranar nan ta ci fiye da rabin sa'a.

Shawarar a cire lanƙwasa kuwa ita ta fi ci mini rai, domin ba yau aka fara ta ba. An sha wuya kafin haruffan nan su zauna. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, a ƙa'idojinsa na 1912 wata alama ya ƙara wa harafin. Bargery a ƙamusunsa na 1934 shi ma alama ya ƙara wa harafin. Daga baya aka tsaya a kan lanƙwasa. Masu tafireta sun yi shekaru suna bi da biro suna lanƙwasawa da hannu. Yanzu da na'ura ta iya, sai a ce wa yaro ya share don aiki ya yi sauƙi? Samarin zauren nan su ne gobe za su rubuta manhajar rajistar makarantu da asibitoci da ta rabon taki a ƙasar Kazaure. In sun tashi da fahimtar cewa bambancin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ba ya cikin aikinsu, to ranar da ma'aikaci zai nemi sunan wani manomi ɗan Ɗansure a ƙarƙashin D ya rasa, ya ce masa ba ya cikin jerin, ba wanda zai san daga inda ɓarnar ta faro.

Laifi tudu ne, don haka bari in taka namu. Mu ma a wannan fanni muna da namu ciwon, sai dai ta ɗaya gefen. Ɗalibi zai gabatar da takarda a kan salon wani mawaƙi, a buɗe fagen tambayoyi, sai a kwashe lokacin duka a kan inda ya raba kalma da inda ya haɗe, a tashi ba wanda ya taɓa hujjarsa. An bar jaki ana dukan taiki. Gyaran rubutu wajibi ne, amma ana iya yin sa da jan biro a miƙa masa takardarsa. Abin ban dariya, a zauren masu kwamfuta an kori maganar haruffa alhali ita ce jigon, mu kuwa mun ɗora ta a kan kujerar jigo alhali ba ita aka zo ji ba. Da wani ɗalibi zai miƙe a tsakaninmu ya tambayi yadda kwamfuta ke jera kalmomin ƙamus, ina jin tsoron mu ma za mu ce masa ya tafi sashen kimiyya.

Bayan an tashi ranar nan yaron ya same ni a ƙofar zaure kamar yadda aka umarce shi. Na rubuta masa abacadan Hausa a bayan takardarsa, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, na gaya masa iyakar abin da na sani ke nan, yadda za a sanar da na'ura kuwa sai su. Ƙanena ya ce da daddare su biyu suka zauna da wayar hannu suka yi ta gwadawa har Ɗansure ta dawo tsakanin Amaryawa da Gora. Asabar da ta biyo baya na riga na komo makaranta. Na tambaye shi ko sun nuna wa shugaban, ya ce sun so, amma darasin ranar wani ne daban.